Saran Farko na Rabo Masassaƙi

Duk macen da aka kai ɗakin miji a Tamawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga wajen 1950 har bayan samun 'yancin kai, in ka tambaye ta a turmin wa take daka, da wuya ba ta ce maka na Rabo ba. Rabon nan taubashina ne. Mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har furfura ta fito mana ba a raba wannan gardama ba.

Ni sunana Tukur. Gyaran keke nake yi a bakin kasuwar Dutsin-Ma, ina taɓa fitilu da makullai in an kawo. Na taɓa yin karen mota na rani guda a bayan wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, kuma tun daga ranin nan na ɗauki kaina wanda ya san inji ciki da waje. Aikina a motar kuwa bai wuce in dira da gudu in cusa katako a ƙarƙashin taya in ta mace a kan hawa ba. Amma ban taɓa ganin dalilin da zai sa in yi wa mutane wannan bayanin ba.

Rabo gajere ne mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Sassaƙa ya gada. In ya je gindin itace sai ya yi masa sallama kamar ya zo ƙofar gidan mutane, ya ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari, ya kara kunne. In bai ji abin da yake so ba ya juya ya tafi, ko da kuwa tafiyar yini ya yi kafin ya iso. Kirya ita ce itacensa, don ita ce mai taurin da tabarya ba ta ci da wuri. Ranar kasuwar Kurfi zai ɗoro turame a jaki, ya sauke su a inuwa, ya zauna yana kallon ƙasa. Ba ya kiran mai saye, ba ya yabon kayansa. Matan da suka san daka su ne masu yi masa talla.

A gidansu akwai wata doka da suka gada kaka da kakanni. Turmi ba na wanda ya fafe shi ba ne, ba kuma na wanda ya gyara masa baki da ƙugu ba. Na wanda ya kai wa itacen saran farko ne, kuma wanda ya yi saran farko ba a karɓar masa gatari sai itace ya kwanta. Shi ya sa ranar da za a kwashi kayan amarya, dangin ango sukan tsaya a ƙofar gida su tambaya, “Turmin wa?” Sai masassaƙin ya amsa da bakinsa. Rabo ya amsa wannan tambaya a ƙofar gidajen mutane ba iyaka, kullum da kalma biyu, “Nawa ne.”

Allah bai ba shi 'ya'ya da yawa ba. Shi da matarsa Lauratu 'ya ɗaya ta tsaya musu, Hawwa'u. Shekarar da aka haife ta akwai wata 'yar kirya a tsakiyar gonarsa da ya yi niyyar sarewa don tana tare wa gero rana, sai ya fasa. Ya ce wannan ta Hawwa'u ce, su girma tare. Kowa a Tamawa ya san ta da kiryar Hawwa'u, har makiyaya ba sa sassabe mata reshe. Yarinya ta girma, kirya ta yi kauri, sai ga wani tela mutumin Kurfi mai suna Ɗalhatu ya fito neman aure. Tana son sa, yana son ta, aka sa biki bayan an yanke dawa. Wannan a 1965 ne.

To, a Kurfin akwai wani masassaƙi, Labaran, mai yin turmi da duk itacen da ya samu. Rabo bai taɓa zaginsa ba, amma in an ambaci sunansa sai ya tofar da yawu gefe. In har Hawwa'u ta shiga Kurfi da turmin Labaran, ko wani na kasuwa, Rabo ya gama yawo da kansa a sama. Mutumin da ya yi wa 'ya'yan kowa turmi a ce ya kasa yi wa tasa guda ɗaya.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi a lokacin. Rabo ya kwana biyu bai kai turmi kasuwa ba. In na tambaye shi sai ya ce noma ne ya sha masa kai. Ni kuwa na ce lalaci ne irin na bayi, muka yi dariya aka wuce wurin.

Da farkon daminar shekarar nan wani direba da ake kira Alu, mai zuwa Kudu ya dawo da goro da katako, ya sauke wani abu a tashar motar Dutsin-Ma ranar kasuwa. Injin yankan itace ne, tsoho, wanda 'yan katakon can suka more suka gaji. Ja ne a da, amma fentin ya goge sai a lungu-lungu. Yana da dogon harshe na ƙarfe, sarƙa mai haƙora ta kewaye shi, ga igiya a gefe an ɗaura mata guntun katako a baki don mariƙinta na asali ya ɓace. Alu ya taka shi da ƙafa, ya fizgi igiyar nan sau ɗaya. Abin ya kwarma ihu, awaki suka tsinke, mata masu nono suka dafe ƙorai. Ya ɗora shi a kan wani gungume, kafin in gyara hulata gungume ya rabu biyu.

Rabo yana wurin. Ya daɗe a tsaye yana kallon gungumen. Kasuwa ta zagayo sai ga shi janye da sansa na noma, da yamma kuma ya kama hanyar Tamawa da inji ɗaure a kan jaki.

Na bi shi da baki. “Bawana, ka ba da mai ƙahwa huɗu ka amso wanda sai an ɗauke shi? Gatarin naka mi ya yi maka?”

Ya ce, “Zamani ne, Tukur. Kai da ka tsaya ga keke mi ka sani?”

Ya kai shi gida ya naɗe da tsohon bargo, ya ajiye a ɗakin da yake tara kayan aiki. Can ya yi damina cur, ba wanda ya taɓa shi.

Da aka yanke gero, Rabo ya ɗauki inji ya nufi gona, rabin Tamawa na biye da shi. Ya yi wa kirya sallama, ya yi bisimilla, ya taka inji kamar yadda ya ga Alu ya yi, ya ja igiya. Inji ya ce fut, ya yi shiru. Ya sake ja, ya sake cewa fut. Haka aka yi ta yi har rana ta take, mutane suka fara tuna suna da aiki a gida. Washegari saƙo ya same ni a Dutsin-Ma, wai in zo da kayan aikina.

Ranar nan ban taka ƙasa da ƙafa ba don jin kai. Na ɗaure jakar sifanu a bayan keke, na gaya wa duk wanda na gamu da shi a hanya cewa an kira ni gyaran inji. Ina tafe ina lissafi a raina, abin nan sarƙa gare shi, keke ma sarƙa gare shi, to ina wahalar take?

Na isa gona na tarar da jama'a sun sake taruwa. Na zagaya inji, na tsuguna, na yi gyaran murya, na miƙa hannu zan kama igiya. Caraf Rabo ya riƙe mini wuyan hannu da hagunsa.

“Kul! Jan igiyan nan shi ne saran hwarko. Ka kwance shi, ka wanke shi, ka lashe shi in ka ga dama. Amma ja nawa ne.”

Na ce, “To in ban ja ba ta ina zan gane ciwon nashi?”

“Ba kai ne ka san inji ba?”

A gaban jama'a ya faɗe ta, sai na kwance jakar sifanu.

Na fara da tanki. Ina buɗe murfin sai wani ƙamshi ya doki hancina, irin wanda kake ji in ka wuce ta wurin mai tuyar ƙosai. Na kwance fulogi, wato abin da ke ba inji wuta, na gan shi ya yi danƙo baƙi ƙirin.

“Rabo, mi ka zuba mashi?”

“Abin da Alu ya ce. Ya ce ba ya shan fetur zalla, sai an haɗa mashi da mai.”

“Wane man?”

“Mai dai. Na Lauratu, mai kyau, ita ta matse shi da hannunta.”

Man gyaɗa ya zuba. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, na tabbatar kowa ya ji, na kira shi baƙauye. Da na gama sai na zaro 'yar kwalbar man da nake ɗiga wa sarƙar keke na tsiyaya a madadinsa, ina bayani da murya sama. Sai da na koma Dutsin-Ma wani yaron mota ya gaya mini baƙin mai ake nufi, irin na cikin injin mota, shi ma ya yi mini irin dariyar da na yi wa Rabo. Na dawo da baƙin man a kwalba, na ce wa mutanen Tamawa dama gwaji nake yi. Muka zubar da tsohon haɗi, muka wanke tanki da fulogi, muka yi sabo. Rabo ya ja. Fut.

Sai na tuna na taɓa ganin direbanmu yana duba wuta. Na cire fulogi, na bar shi maƙale da wayarsa, na riƙe shi da yatsu tsirara na kawo kusa da ido, na ce Rabo ya ja. Da yake babu fulogi a ciki, igiya ta taho salin-alin, inji ya juya da gudu. Abin da na sani kawai wani abu ya shiga ta yatsuna ya fita ta ƙeyata. Na yi ƙara, hula ta yi gabas, ni na yi yamma cikin kututturan gero. Wani tsoho ya ce ai dama ya faɗa, kiryar nan da masu ita, ga shi sun mari baƙo. Na tashi ina kakkaɓe riga na ce, “Wuta lahiya lau take.” Wannan kam gaskiya na faɗa, jikina shaida ne. Aka mayar da fulogi, igiya ta koma ta yi tauri, Rabo ya ja, inji ya ce fut.

Zuwa na gaba na yi abin kirki guda ɗaya, kuma ba zan bari a manta da shi ba. Na ce abin da ke shan iska dole ya fitar da hayaƙi, bari in leƙa salansa, wato mafitar hayaƙin. Na kwance ta, sai ga ta toshe da busasshen laka. Zanzaro ne ya samu ɗaki a cikinta da damina, ya yi gininsa tsaf har da 'ya'ya. Na ƙwaƙule ginin nan da tsinken keke, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Aka yi ta salati. Ni kaina na ji ƙwalla ta taru mini don murna. Na ce, “Bawana, ja! Yau kirya za ta kwana a ƙasa.” Ya taka, ya ja. A wannan karon inji ya ce fut-fut, sau biyu, sannan ya yi shiru. Duk da haka labarin zanzaro ya riga ni isa Dutsin-Ma, don na aika shi ta bakin masu dawowa daga kasuwar Kurfi.

Daga nan sai na shiga abin da ban sani ba gaba ɗaya. Muka dawo da inji gida, na shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Rabo, na wargaza kafireta, wato 'yar tukunyar da ke haɗa mai da iska. Na jera ƙananan kusoshinta a kan faifai, ina hura kowace ƙofa da baki. Ina cikin hurawa wata kazar Lauratu ta zo ta tsince wata 'yar kusa mai kamar ƙwayar dawa, ta haɗiye, ta kalle ni. Muka bi ta da gudu, ni da Rabo, manya da mu, har bayan rumbu. Ƙarshe dai aka yanka ta, aka tsaga ƙundu, aka ciro kusa. Ranar mun ci tuwo da romon kaza.

Lauratu ta ajiye mana akushi ta ce, “Malam Tukur, injin nan ya ci sa, ya sha mani mai, yau ya ci kaza. In ka sake zuwa ka gaya mani in ɓoye akuya.”

Na ce, “Matarmu, gyara sai a hankali.”

Ba ni take kallo ba ma, mijinta take kallo, yana ɗaga kwanon ruwa da hagu. Na ga wannan da idona, na ce a raina bawan nan har ladabin shan ruwa ya manta.

Lauratu doguwa ce, ba ta da jiki, amma duk turmin da Rabo ya sassaƙa ita ke fara gwada shi kafin ya bar gidan. Tun tana amarya take wannan aiki. In tana daka, daga bakin gari kana jin tabaryarta, kuma ba ka haɗa ta da ta kowa.

Dawa ta nuna, aka fara yanka. 'Yan kallo suka gaji da mu, har yara suka daina biyo mu gona. A gari an sa wa inji suna Fut, ni kuma Malam Fut. A cikin gida mata sun fara haɗa kayan ɗaki, ƙorai da tukwane da tabarmi, an bar wurin turmi fili. Wata rana ina nan Hawwa'u ta durƙusa gefen ubanta, ta yi ƙasa da murya.

“Baba, don Allah ka huta. Ko na kasuwa aka saya mani ya isa, ai duk daka ce.”

Don tausayi ta faɗa, amma da ta san inda maganar za ta sauka da ba ta faɗa ba. Rabo ya tashi ya shiga ɗakin kayan aikinsa, ya daɗe bai fito ba. Ni ma ranar ban iya tsokanarsa ba.

Zuwana na ƙarshe da hantsi ne, mu biyu kaɗai a gindin kirya. Na sake bin komai daga farko. Mai sabo ne, wuta akwai, salansa a buɗe, kafireta na mayar da ita yadda na same ta, har da kusar kaza. Na rufe masa iska kamar yadda Alu ya nuna wa Rabo. Rabo ya taka ya ja. Igiya ta taho rabi ta tsaya, ta koma. Ya sake ja, gumi na zuba daga gemunsa. Ya ja na uku, sai ya saki, ya je ya zauna ya jingina da kirya.

Haushi ya kama ni, na injin da na kaina. Na jefar da sifana na ce, “Rabo, abin nan gawa ne. Alu ya cuce ka. Biki ya matso. Ko ka ɗauko gatarinka ka sare ta yadda ka saba, ko mu tahi Kurfi mu kira Labaran. Ni ban ga abin wahala a nan ba.”

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa.

Daidai nan Lauratu ta iso da ƙwaryar fura a kai. Ta ji abin da na faɗa. Ta sauke ƙwarya a inuwa, ta dubi gabas ta dubi yamma, ba kowa a gonakin sai tsuntsaye. Ta gyara ɗaurin zaninta ta nufi inji.

Rabo ya ce, “Lauratu.”

Ta ce, “Malam, ka yi haƙuri. Na yi shiru har na gaji.”

Ta taka inji da ƙafa, ta kama guntun katakon nan, ta fizga irin fizgar da take yi wa tabarya in ta ɗaga ta sama. Inji ya yi tari. Ta fizga na biyu, sai ya kwarma ihun nan da na ji a tashar Dutsin-Ma, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse daga kan kirya.

Na tsaya baki buɗe. Na dubi inji, na dubi Rabo, sai a lokacin idona ya sauka a kan hannunsa na dama, yana kwance a cinyarsa yana rawa. Nan take komai ya dawo mini. Da hagu ya riƙe ni ranar farko. Da hagu yake shan ruwa. Turamen da ya daina kaiwa kasuwa, da san da ya bayar. Na kwance kowace kusa a jikin ƙarfen nan, na leƙa har cikin ƙundun kaza, ban taɓa duban kafaɗar ɗan'uwana ba. Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya fi kunyar yawa.

Ya yi magana da ƙarfi don inji ya cika wurin da ƙara. “Tun bara waccan kahwaɗar nan ta riƙe. Ba ta ɗaga gatari. Na ce in na samu wanga zai yi mani saran. Ban san shi ma kahwaɗa yake so ba.”

Na ce, “Mi ya hana ka gaya mani?”

“In gaya maka, Dutsin-Ma ta kwana ba ta ji ba?”

Ya san ni sarai.

Lauratu ta ce mai na ƙonewa, mu bar surutu. Rabo ya tashi ya kama inji, hagu a sama, dama a ƙasa kusa da ƙugu inda take iya kaiwa. Nauyin ya fi ƙarfinsa, sai na sa hannu na tallafa masa, bai hana ni ba. Kirya ta yi gardama. Sarƙa ta yi ta ci tana tsayawa, garin itace ja yana zubo mana a ƙafa, inji ya mutu a tsakiyar aiki, Lauratu ta sake tayar da shi. Can sai itacen ya yi wata ƙara daga cikinsa, ya karkata a hankali, ya kwanta a kan karan gero. Kafin mai ya ƙare muka yanke gungumen turmi daga gindi.

Mun hango mutane sun taso daga gari da gudu, ƙara ta kira su. Lauratu ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gefe ta zauna kamar yanzu ta zo. Ta ce mini, “Ba wanda ya gani. Malam Tukur, bakinka.” Na rantse mata. Jama'a suka iso suka tarar da Rabo riƙe da inji, kirya a ƙasa. Aka yi ta yi masa barka. Ni ma aka ce ashe dai Malam Fut ya san aikinsa, wai haƙuri ne da ba a yi mini ba. Na karɓi yabon nan duka, ban mayar da ko kaɗan ba, har na ƙara musu bayani a kan kafireta.

Rabo ya fafe turmin a zaune, da gizago, da hagu, sara gajere-gajere. Ya ɗauke shi lokacin da a da zai yi turmi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi kyau ba a duk abin da ya sassaƙa, ƙugunsa siriri, bakinsa sumul. Ni kuma na riƙe bakina har ranar biki, wanda a wurina ya fi gyaran inji wuya nesa ba kusa ba.

Ranar kwasar kaya aka fito da komai ƙofar gida za a ɗora wa jakuna zuwa Kurfi. Maza na zaune a tabarmi, mata sun cika zaure. Gwaggon ango, wata tsohuwa mai son raha, ta dafa turmi ta ɗaga murya tana dariya, don kowa ya san amsar.

“To, masu gida, turmin wa?”

Rabo ya miƙe. Ya ce, “Na Lauratu ne.”

Aka fashe da dariya, an ɗauka wasa yake yi. Ni ban yi ba. Ya jira dariya ta lafa, sannan ya ɗaga hannunsa na dama a gaban kowa. Hannun ya taho har daidai ƙirji, ya tsaya.

“Nan ta tsaya, ba ta wucewa. Ita ta ja igiya, ita ta yi saran hwarko. Ni hwahewa kawai na yi.”

Tsohuwar ta janye hannunta daga kan turmi a hankali. Daga ranar ba wanda ya sake kawo wa Rabo aikin turmi, shi ma bai nema ba. Ya koma yin muciya da ƙotar fartanya da akushi, abin da hagu za ta iya, har ƙarshen ransa. Injin kuwa wani ɗan kwangilar hanya ya karɓe shi, aka ce ya yi masa aiki shekaru, abin da har yau nake dangantawa da gyarana.

Da jakuna suka tashi, jama'a suka bi su, na shiga cikin gida in yi sallama. Na tarar da Lauratu tsaye a kan mijinta, idonta jawur, ko kunyata ba ta ji ba.

“Malam, na ruhe maka asiri, Tukur ma da bakinshi ya ruhe, kai ka tashi ka tona da kanka? Mi zan yi da sunan turmi? Ni na roƙe ka?”

Rabo yana zaune a kan ragowar gungumen kirya, yana murza kafaɗarsa da hagu. Ya ce, “Ɗiyata za ta daka a cikinshi har ta tsuhwa, Lauratu. Ba ni so ta daka a cikin ƙarya.”

Ta juya ta shige ɗaki, muka ji kukanta. Na buɗe baki in ce masa bawana, ko wurin ya yi sauƙi, kalmar ta ƙi fitowa. Sai na zauna kusa da shi na karɓi murzar kafaɗar.